Ƙwaƙwalwar Birkin Ummaru

Ranar wata Talata cikin damina, da la'asar, na zuba sifana biyu a aljihu na nufi wurin Kalilu mai gwangwan a bayan tasha. Abin da ya kai ni bai fi kwanon sha girma ba. Amma bari in fara faɗin ko ni wane ne, domin mutanen Jibiya sun riga ni ba da labarina, kuma sun ɓata shi.

Sunana Abbas Rewaya. Shekara ashirin da shida ina aikin wayar mota a garin nan. Motar da ta taso daga Kwatano, ta biyo Maraɗi, ta tsallako ta Magama da wutar ABS a dashbod ɗinta, ni ake nemo mata. Shi ABS aikinsa ya hana taya ƙamewa ta riƙa jan ƙasa in an taka birki da ƙarfi, musamman a jiƙaƙƙen titi. In ya lalace, sai wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kama ta ƙi mutuwa, mai saye ya gani ya ja da baya. Ƙananan rewaya baƙin salatif suke liƙa mata. Ni ban taɓa wannan ƙazantar ba. Wayarta nake yankewa in haɗa da ta wutar mai: a murɗa makulli su kama tare, inji ya tashi su mutu tare, mai saye ya yi hamdala. Wasu na cewa ha'inci ne. Ni dai na san fasaha ce, kuma har yau ba wanda ya tara mutane ya yaba mini.

Ɗiyata Amatullahi ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Daddara. Da guminta ta sayi 'yar mota ruwan toka, ita take tuƙa abarta kullum, ta je ta dawo. Ranar Asabar wutar ta kama mata. Ta kawo motar gida, ta tsaya a tsakar gida da makulli a hannu, ta ƙi sakinsa.

"Baba, don Allah kar ka yi mini irin naka."

A gidana. A gaban uwarta. Matata Barira ta yi dariya har da tari. Na ce su biyun Allah zai yi mana hisabi, na karɓi makulli, na ce ta dawo Talata da magariba ta ga aikin manya.

Na ɗora motar kan bulo huɗu a tsakar gida, hancinta na kallon bangon madafa. Kwana uku ina aikin gaskiya, kuma abin mamaki, ashe na iya. Na duba man birki, a cike yake. Na zare fiyus ɗaya-ɗaya na ɗaga su a rana, ba wanda ya ƙone. Na kwance tayoyi, na ciro sensar kowace ƙafa, na goge laka da garin ƙarfen da ya manne mata. Na bi zoben nan mai haƙora da sensa ke ƙirgawa, haƙori bayan haƙori, ko guda bai karye ba. Na bi waya da mitar gwajin wuta tun daga ƙafa har gaba, ko ɓera ya yi ɓarna. Lafiya lau. Sai na ɗauko 'yar na'urar da na sayo a Maraɗi, wadda ake sokawa ƙarƙashin sitiyari tana magana da wayar hannu. Da Faransanci take rubutu, amma na fahimci abin da take nufi: ta kira ƙwaƙwalwar birkin, ba a amsa ba. Ƙwaƙwalwar ce ta mutu, wannan ɗan akwatin mai bututu shida da famfo a jikinsa.

Duk Jibiya irin motar nan guda ɗaya ce a gwangwan. Ta Ummaru ce, direban haya, wanda ya ɗauko albasa da fasinja ranar wani ruwa, ya kife a kwanar da ke gaba da Daddara. Shi kaɗai ya rasu. Gaban motar ya lotse ta gefen direba, amma gefen da ƙwaƙwalwar take ko ƙwarzane babu.

Matsalar ita ce Kalilu. Tsohon nan yana da wata ɗabi'a da ya ce wurin maigidansa ya gada: motar da aka mutu a cikinta, ba ya sayar da ko noti ɗaya sai an yi sadakar arba'in. Da alli yake zana kwanakin a jikin ƙofa, kullum layi ɗaya. Na ƙirga na Ummaru, talatin da uku. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa ƙarfe ba ya takaba. Ya ce shi ma bai ce yana yi ba. Ya ce dai motar da ba ta kai inda ta nufa ba, akwai waɗanda sunka shiga ba da sanin direba ba, kuma ba su sauka ba tukuna. A ba su lokaci su gaji su watse.

Na ce to. Muka sha fura. Can na ce masa, af, na manta, ina zuwa na ga wani rago mai baƙin wuya kamar nasa yana bin motar dabbobi wajen kasuwa, igiya na jan ƙasa. Tsoho ya zari sanda. Kafin ya dawo na kwance abin da ya kawo ni, na ajiye masa haƙƙinsa ƙarƙashin buta. Kowa ya shaida, wannan ba sata ba ce. Kwana bakwai kawai na rage wa alli.

Na ɗaura ƙwaƙwalwar a motar Amatullahi kafin rana ta faɗi. Barira na sa ta zauna tana taka birki ina cire iska, tana yi tana mita wai an mai da ita yaron gareji da furfurarta. Da muka gama ta shimfiɗa tabarma tsakanin mota da bangon madafa, nan ne kaɗai haske ya rage, ta juya mini baya tana tsintar shinkafa.

Na shiga mazaunin direba. Bonet a buɗe yake, sai ta ɗan siririn filin da ke ƙarƙashinsa nake hango bayanta da kallabinta. Na soka na'ura. Na murɗa makulli rabi, ban tayar da inji ba. Wutar ta kama. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ta mutu da kanta.

Ban san na taɓa jin daɗin abu kamar wannan ba, kuma ba kowa a wurin da zai gani. Na buɗe shafin da ke nuna gudun kowace taya, don in ƙara tabbatarwa. Lamba huɗu a jere. Sifiri, sifiri, sifiri, sifiri. Haka ya kamata, mota na kan bulo.

Sai suka koma sha biyu. Duka huɗun.

Na leƙa ta taga. Taya a tsaye take. Kazar Barira na tone ƙasa a ƙarƙashinta. Na girgiza wayar, na ce kayan Maraɗi ke nan.

Talatin. Arba'in da biyar.

Wari ya fara zuwa. Ba na man birki ba, wannan na san shi. Warin jiƙaƙƙen buhun albasa ne, da na kwalta in ruwa ya fara sauka a kanta. Ranar ko ɗigo ba a yi ba.

Saba'in.

Daga ƙarƙashin kujera wata ƙara ta taso, siririya, shuuu, irin ta taya a kan ruwa. Sitiyari ya ɗan yi rawa a tafin hannuna. A waje komai na nan yadda yake. Ina jin ƙwayar shinkafa na faɗawa cikin faranti. Maƙwabci na jan ruwa a rijiya, guga na bugun bango.

Casa'in da biyar.

Birki ya nutse. Ƙafafuna biyu na ƙasa, ban taɓa shi ba. Ya nutse har ƙarshe, famfon ya ɗauki gurnani, gurrr, gurrr, fedar na karkarwa ita kaɗai. Lambobi suka fara zubowa. Tamanin. Sittin da ɗaya. Hamsin. Arba'in da huɗu.

Sifiri.

Ba ta bi ta talatin ba, ba ta bi ta goma ba.

Shiru. Na zauna ina kallon wayar. Na ce a raina, to, nan Ummaru ya tsaya. Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba. Kamar an zuba mini ruwan sanyi a cikin kai ya daskare. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin a teburin mai shayi, da inda zan ƙara gishiri.

Ƙofar baya ta ce ƙwas.

Na kalli madubi. A rufe take.

Motar ta ɗan nutsa ta hagu a baya, kamar an zauna. Bulo ya yi ƙara. Ta sake nutsawa. Ta sake. Ta sake. Huɗu a baya, yadda ake lodi a tasha. Sannan kujerar da ke gefena ta lotsa a hankali, sau biyu, soson ya yi ajiyar zuciya.

Ban juya ba. Warin albasa ya tafi. Wanda ya maye gurbinsa na laka ne, ta ƙasan gulbi, da tokar da ta kwana.

Wayar ta nuna huɗu.

Huɗu, tafiyar mai tafiya a ƙasa.

Wannan karon kazar ta fita da gudu. Na ji tayoyin sun fara juyawa a iska, a hankali, dukansu, har na baya da ba su da abin da zai juya su. Motar ta fara ɗan rangaji. Garin siminti na zuba daga bulon gaba, ina jin saukarsa. In ta sauko, taku huɗu ne tsakaninta da bayan Barira.

Na taka birki da duk ƙarfina.

Tayoyin suka tsaya. Fedar ta harbo ƙafata, na danne. Ta sake harbowa.

Aka yi magana dab da kunnena na dama, ƙasa-ƙasa, ba fushi a ciki. Irin muryar fasinjan da ya gaji.

"Direba, sakar mana. Ba mu iso ba."

Abin da ya fito daga bakina, Allah ya sani ban shirya shi ba. Na ce cikin raɗa, "Ni ba direba ba ne. Rewaya ne."

Wani ya yi 'yar dariya a baya.

Na zare makulli. Dashbod bai mutu ba. Na nemi Ayatul Kursiyyu, na sami farkonta, sauran ta ɓace. Na buɗe baki in kira Barira, iska kawai ta fito.

Aka ɗora wani abu a kan ƙafata.

Ƙafa ce, ba takalmi. Sanyi gare ta, a jiƙe. Yatsunta suka zagaya suka shiga ƙarƙashin tafin tawa, suka fara ɗagawa. Ba da ƙarfi ba. Da haƙuri.

Yatsuna suka mutu. Sannan idon sawu. Sannan ƙwauri.

Ban ƙara jin fedar ba. Da ido nake duba ko ina kanta.

Na faɗa kan hon da ƙirjina.

Barira ta zabura, faranti ya kife. Ta zagayo tana faɗa, wai ni wane irin mutum ne, shinkafar mutane a ƙasa, girma ya zo hankali bai zo ba. Muryata ta dawo kaɗan. Na ce ta cire kan batir, ban ɗaure shi ba, ja kawai za ta yi. Ta ce hannunta da ruwa, in fito in cire da kaina tunda ba gurgu ba ne.

"Barira, don girman Allah."

Ta dube ni. Shekara talatin muna tare, ba ta taɓa jin na faɗi haka ba tare da wata dabara a baya ba. Ta koma gaban motar. Ta tsaya daidai tsakanin hancinta da bango, cikinta na taɓa ƙarfen. Ta sunkuya.

Gwiwata ta mutu.

Diddigena ya ɗaga.

Ta ja.

Komai ya ɗauke. Famfon ya yi shiru, dashbod ya yi baƙi. Motar ta fara tasowa, kaɗan-kaɗan, nauyi na sauka ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar fasinjan da motarsu ta lalace a hanya. Na gefena ne ya sauka a ƙarshe. Kafin kujerar ta taso ya ce, a hankali, kamar yana gaya wa na bayansa:

"Mai motar na zuwa."

Aka kira salla.

Da hannu biyu na ciro ƙafata na ajiye a ƙasa. Barira ta ce ita ba ta ga komai ba, bayanta ta ba mu, kuma in wannan sabon salo ne na guje wa cefane, to bai karɓe ni ba. Ina zaune a bakin ƙofar motar Amatullahi ta yi sallama.

Ta gaishe mu, ta ajiye jaka, ta leƙa cikin bonet. A gidan rewaya ta tashi, ba ta tambayi kowa ba ta mayar da kan batir. Ta tsallake ni ta shiga, ta karɓi makulli daga hannuna, hannun bai hana ta ba. Ta murɗa. Inji ya tashi. Wutar ta kama, ta mutu. Ba wari, ba ƙara. Ta leƙo ta ga bututun da na kwance na mayar, ta ga man birki har gwiwar hannuna, ta ga tsohuwar ƙwaƙwalwar a kan tsumma.

Ta yi murmushin da rabona da shi tun tana firamare, lokacin da take gaya wa ƙawayenta babanta ne ya ƙera jirgin sama.

"Baba, ashe da gaske ka gyara."

Ta ce in sauke mata ita yanzu ta kai gida, gobe da sassafe za ta wuce Daddara, ranar awon ciki ce, mata sun fi arba'in. Ta ce an ce za a yi ruwa da asuba, shi ya sa hankalinta bai kwanta da birkin ba, amma yanzu alhamdu lillahi.

Na gaya mata gaskiya. Duka, tun daga allin Kalilu har ƙafar da ta taka tawa. Ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, karo na farko a rayuwata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta fashe da dariya, ta ce wannan ya fi na kurar da na ce na taɓa ɗaurewa da wayar sifika. Ta taɓa ƙafar, ta ce jijiya ce na danne da dogon zama, in taka za ta sake. Ta ce in kuma so nake in riƙe motar kwana biyu in yi yawon nuna wa abokai, in faɗa kawai. Ta ɗauko jak da kanta ta fara turawa ƙarƙashi.

Na dube ta tana durƙushe, farin takalmin aikinta cikin ƙasa, a daidai ƙofar baya ta hagu.

Ni na san abu ɗaya da ɗiyata za ta yarda da shi daga bakina ba tare da shaida ba.

Na ce, "Bari wahalar da kanki. Haɗa ta na yi da wutar mai."

Hannunta ya tsaya a kan jak.

Na ce ƙwaƙwalwar da na samo ita ma matacciya ce, na ga lokaci ya ƙure, na yi abin da na saba. Man da ta gani a hannuna shafawa na yi. Na ce birkin ma gaba ɗaya ban yarda da shi ba, iska ta ƙi fita, kar ta hau. Har na yi 'yar dariyata ta kasuwa, don ƙaryar ta zauna daidai.

Ba ta yi musu ba. Ko daƙiƙa ɗaya ba ta yi shakka ba, kuma wannan ne har yau nake jin haushinsa. Ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa, ta kashe inji. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "A kan titin da nake bi kullum, Baba." Ta ɗauki jakarta, ta yi wa uwarta sai da safe, ta fita neman mai babur. Da safe motar haya ta hau, cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta isa lafiya.

Ni kuma da hantsi na kwance abin, na naɗe a buhu, aka goya ni a babur zuwa bayan tasha. Kalilu bai tambaye ni labarin rago ba. Ya dubi yadda nake jan ƙafa, ya karɓi buhun, ya mayar da ƙwaƙwalwar mazauninta ya ɗaure da hannunsa. Sannan ya jiƙa tsumma ya goge layukan allin nan duka, ya zana guda ɗaya.

Ƙafar ba ta dawo ba. Tana tafiya, tana ɗaukata zuwa masallaci, amma daga gwiwa zuwa ƙasa ko allura aka soka sai dai in gani. An kai ni Katsina, an yi hoto, an ce ba a ga komai ba. Na daina tuƙi, domin ban san lokacin da nake kan birki ba. Wayar mai kuma na daina taɓa ta, na ce wa masu kawo motoci idona ne ya yi rauni, suka koma wurin masu salatif. Garin nan bai san abin da ya rasa ba.

Motar Amatullahi wani makanike wai shi Sunday ne ya zo daga Katsina da sabuwar ƙwaƙwalwa a kwali ya ɗaura mata, a tsakar gidana, ina zaune ina kallo yana riƙe sifana kamar mai riƙe ludayi. Na san ya ga wayoyin dashbod ba a taɓa su ba. Bai san akwai abin faɗa ba, ni kuma ban ce ya faɗa ba.

Tana zuwa duk Juma'a. Tana durƙusawa ta gaishe ni, ta kawo mini maganin shafawa, ta tambayi ƙafa. Motar kuwa a ƙofar gidan maƙwabci take ajiye ta, can nesa da inda hannuna zai kai. Ina hango ta daga zaure. Takan kulle, ta yi taku biyu, ta dawo ta ja ƙofar ta tabbatar, sannan ta jefa makullin can ƙasan jaka ta shigo da sallama.